Yarana ba su san maƙwabtanmu ba: ta ina zan fara koya musu kirki?

Wata uwa mai 'ya'ya uku, masu shekara 11 da 8 da 4, ta aiko da tambaya. Ta ce ita a cikin birnin Kano ta tashi, a gidan yawa, amma yanzu suna zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari, inda kowane gida yake da doguwar katanga da get da maigadi. Yaranta ba su san sunan maƙwabci ko ɗaya ba, babban yana yi wa yarinyar da take yi musu aiki tsawa, mai bi masa kuma ba ya iya ba kowa abin hannunsa. Kullum tana yi musu nasiha, suna kuma zuwa Islamiyya, amma ba ta ga canji ba. Tana son ta san yadda za ta koya musu kirki da son jama'a.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuma saka miki da alheri da kika damu da wannan al'amari tun yaran suna ƙanana. Na daɗe ina koyarwa a makarantar firamare kafin na koma horar da malamai, kuma koke irin naki yana daga cikin waɗanda iyaye suka fi kawowa a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa suka bar cikin gari. Abin da zan fara gaya miki shi ne, nasihar da kike yi ba ta da laifi, Islamiyyar ma ba ta gaza ba, amma dukansu biyu suna ba yaro sanin abin da ya dace ne kawai, ba su ba shi wurin da zai aikata shi. Ke da kanki ba a bakin mahaifiyarki kaɗai kika koyi kirki ba. Kin koye shi ne da kwano a hannu, kina tafiya gidan maƙwabta.

Ki tuna yadda aike yake a cikin gari. Idan aka sauke tuwo da magariba, akwai kwanon gidan wane, akwai na tsohuwar da take zaune ita kaɗai a lungu, akwai na almajirin gidan, kuma yaro ne yake kai kowanne. Kafin ya isa sai ya gaishe da dattawan da suke zaune a bakin zaure, ya yi sallama, ya jira a amsa, ya cire takalmi, ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu, ya ce wai in ji Umma ga wannan ba yawa. Sai a ce masa an gode, Allah ya saka da alheri, ya ce ana gaishe ta, shi kuma ya riƙe saƙon ya mayar da shi yadda aka ba shi. A wannan 'yar tafiyar da ba ta wuce minti goma ba yaro ya yi ladabi, ya riƙe amana tunda bai buɗe kwanon ya tsinci nama ba, ya faɗi gaskiya wajen isar da saƙo, ya kuma ga da idonsa yadda fuskar tsohuwa take sakewa idan an tuna da ita. Gobe ya sake yi, jibi ma haka, har shekaru, ba tare da kowa ya kira abin da sunan darasi ba.

Wata masaniyar al'adun al'umma 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a ƙarshen shekarun 1970 tana nazarin rayuwar yara a cikin birni, kuma abin da ta fito da shi ya yi daidai da abin da duk wanda ya tashi a can ya sani: matan aure da suke cikin kulle da ƙafar yara suke gudanar da sana'arsu da zumuncinsu, domin yaro ne kaɗai yake da izinin shiga kowane gida, ya kai abinci, ya kai gudunmawar biki, ya kawo labarin haihuwa ko rashin lafiya. Ba ina cewa duk abin da yake cikin wancan tsari mai kyau ba ne, don kuwa tallar da ta hana 'yan mata da yawa karatu daga cikinsa ta fito, kuma ba na fatan ta dawo gidan kowa. Amma ya kamata mu gane cewa da muka gina katanga, muka ɗauki direba da 'yar aiki, muka koma aika saƙo ta waya da tura kuɗi ta banki, mun sauke wa yara wahalar aike, mun kuma raba su da makarantar da take cikinsa ba tare da mun sa wani abu a gurbinta ba.

A shekarar 1973 Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin gwamnati a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya gabatar da wata lacca a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, ya lissafo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan kika dube su ɗaya bayan ɗaya za ki ga kusan babu wanda mutum zai iya yi shi kaɗai a ɗaki. Karamci sai da baƙo, haƙuri sai da wanda ya ɓata maka rai, adalci sai da abokin rabo. Yaron da rayuwarsa ta tsaya tsakanin mota da aji da falo ba mugun hali ne da shi ba, mutanen da zai gwada halin kirki a kansu ne suka yi masa ƙaranci.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ki dawo da ciyayya, ki kuma sa yaran su zama masu kaiwa. Ba sai kullum ba. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, Juma'a ta fi dacewa, ki ƙara hannu a girki, ki zuba a kula, ki fara da gidan da ƙofarsa ta fi kusa da taku, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya amsa wa Nana A'isha lokacin da ta ce tana da maƙwabta biyu, wanne za ta ba kyauta, a hadisin da Bukhari ya ruwaito. Na san tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tukunyar gidaje da yawa ta ragu, kuma wata uwar za ta ce abin da za ta ciyar da nata ma da ƙyar yake isa. Addini bai ɗora wa kowa abin da ba zai iya ba. Abin da Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri shi ne idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa, ya kuma gargaɗi mata musulmi cewa kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Ƙosai bakwai a faranti, ko jug ɗin kunu da azumi, ko mangwaron da ya nuna a bishiyar gidanku, duk sun isa, domin abin da muke nema a nan shi ne tafiyar yaron da gaisuwarsa.

Na san abin da zai zo miki a rai shi ne tsaro, kuma kina da gaskiya. Satar yara ta faru a garuruwanmu, wani lokacin ma ta hannun wanda aka sani, don haka babu mai hankalin da zai ce ki saki yaro ya riƙa shiga gidajen da ba ki san su waye a ciki ba. Ke za ki fara zuwa da kanki, da yaran a bayanki, ki gabatar da kanki ga matar gidan, ki san ta, ki san mutanen da suke zaune da ita. Bayan an saba, sai manyan biyu su riƙa tafiya tare, da rana, su tsaya a tsakar gida ko a falo, kada su shiga ɗakin kowa, ke kuma kin san lokacin da suka fita da lokacin da ya kamata su dawo. Kuma dole ne ki haɗa musu da wani darasi da iyayenmu ba su cika faɗa a fili ba: girmama babba ba ya nufin bin duk abin da ya ce, kunya kuma ba ta hana yaro ya gaya wa mahaifiyarsa idan wani ya yi masa abin da bai gane ba ko ya ce ya ɓoye wani abu. Yaron da ya san wannan zai iya shiga jama'a da ladabinsa ba tare da ladabin ya zama tarko a gare shi ba. Ni a ganina ma unguwar da manya suka san fuskar 'ya'yan juna ta fi aminci a kan wadda kowa ya kulle get ɗinsa, domin a can ne wani zai ga yaro da baƙuwar fuska ya tsaya ya yi tambaya.

A sababbin unguwanni sau da yawa maƙwabcinki ba Bahaushe ba ne, wani ma ba musulmi ba ne, kuma kada wannan ya sa ki tsallake ƙofarsa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci makusanci da maƙwabci manisanci, kuma an ruwaito cewa sahabi Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, ya yi ta tambayar iyalinsa ko sun kai wa maƙwabcinsu Bayahude, yana kafa hujja da faɗin Annabi (SAW) cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci zai sa shi cikin magada. Yaron da ya kai naman layya gidan Inyamuri ko Bayarabe, aka karɓe shi da fara'a, ba zai yi saurin yarda ba idan ya girma wani ya ce masa mutanen nan duk maƙiyansa ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a cikin tambayarki, wato tsawar da babban yake yi wa 'yar aiki. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, Hajiya, ba zarginki nake yi ba, amma a mafi yawan gidajen da na ga wannan hali, yaro ba shi ya ƙirƙiro muryar ba, ya ji ta ne a bakin wani babba, ko a gidan ko a gidan dangi. Ki ɗauki mako ɗaya kina sauraron yadda kowa a gidan yake kiran yarinyar nan, da maigadi, da mai kawo ruwa, da mai kwashe shara. Shin da sunansu ake kiran su ko da ke da kai? Ana ce musu sannu idan sun gama aiki? Abincin da kuke ci take ci, ko sai abin da ya rage a tukunya? Yaro ba ya auna halin iyayensa da yadda suke tarbar baƙon da ya zo da babbar mota, domin ya san wannan kowa yana yi. Yana auna shi ne da yadda suke magana da wanda ba zai iya ramawa ba, kuma daga nan yake yanke wa kansa hukuncin waye ya cancanci mutunci, waye bai cancanta ba. Anas ɗan Malik ya ce ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, bai taɓa ce masa ko da tir ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. A wani hadisin kuma aka ce masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

A aikace, ki kafa doka cewa yaran ba su da ikon aiken ta. Idan ta girme su, su kira ta Yaya, kamar yadda za su kira 'yar wan babansu. Ɗan shekara 11 ya isa ya wanke kwanon da ya ci abinci, ya gyara shimfiɗarsa, ya wanke safarsa, ya share ɗakinsa, ɗan shekara 8 ma ya isa ya yi rabin wannan, kuma wanda ya san nauyin tsintsiya a hannunsa ba ya zubar da shara a inda aka share. Idan ya yi mata tsawa, kada ki wulaƙanta shi a gabanta, domin hakan yana ƙara masa jin haushinta ne kawai. Ki kira shi gefe, ki gaya masa abin da kika ji, ki tambaye shi yadda zai ji da a ce shi ne yake zaune a gidan wasu, nesa da ke, sannan ya je ya ba ta haƙuri da bakinsa, ya kuma karɓi aikin da ya yi mata tsawa a kansa ya yi da kansa. Akwai kuma abin da ba zan iya tsallakewa ba: idan yarinyar nan shekarunta na makaranta ne, ki sa ta a makaranta, ko da ta yamma ce. Yana da wuya a koya wa yaro adalci a gidan da kullum da safe yake ganin sa'arsa tana goge masa takalmin da zai tafi aji da shi, ita kuma ta zauna.

Shi kuwa mai shekara 8 da ba ya son ba da abin hannunsa, al'amarinsa ya fi sauƙi. Kada a riƙa fizge abu daga hannunsa a miƙa wa ƙaninsa da sunan koya masa kyauta, domin abin da zai koya shi ne ɓoyewa. Kada kuma a laƙaba masa suna marowaci, ko da wasa, don yaro yakan zauna a kan sunan da manya suka ba shi. Ki bar shi ya mallaki wasu abubuwa da babu mai taɓa masa sai da izininsa, saboda wanda bai tabbata abu nasa ba ne ba zai iya kyauta da shi ba. Sannan ki ba shi muƙamin mai rabo: idan an sayo rake ko tsire, shi zai kasa, amma shi zai ɗauka a ƙarshe. Kuma duk abin da kika yi masa alkawari ki cika, komai ƙanƙantarsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) yana gidan, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Yaron da aka saba yi wa alkawarin da ba a cikawa yana riƙe abin da ya shiga hannunsa da ƙarfi, domin bai yarda wani zai zo ba.

Ina kuma ba ki shawara kada ki mayar da alheri ciniki, wato a ce idan ka kai kwanon nan zan saya maka alewa. Wasu masana biyu a Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, sun nuna a 2006 cewa yara 'yan wata 18 suna tashi da kansu su ɗauko wa babba abin da ya faɗi daga hannunsa, ko su buɗe masa ƙofar kabad idan hannayensa a cike suke, ba tare da an roƙe su ba. Bayan shekara biyu suka sake gwaji da 'yan wata 20, suka ga cewa waɗanda aka riƙa ba abin wasa a matsayin lada sun rage taimako daga baya, alhali waɗanda aka yaba musu da baki kawai, ko ba a ba su komai ba, sun ci gaba. Ma'ana son taimako yana nan a cikin ƙaramin naki mai shekara 4 tun yanzu, aikinki shi ne kada ki kashe shi, ko da biya ko da korar sa daga kicin duk lokacin da ya zo zai taya ki. Wani zai ce ai mu ma muna da tukuici. Haka ne, amma tukuici wanda aka kai wa kyauta ne yake bayarwa, don girmama wanda ya aiko, ba a yi wa yaro alkawarinsa kafin ya tafi, kuma iyaye masu lura suna koya wa yaro kada ya tsaya yana jiran sa, idan an ba shi kuma ya kawo gida ya nuna.

Akwai wani abu da yake rushe duk wannan gini cikin sauƙi, shi ne maganar da ake yi bayan kwano ya fita. Idan yaro ya kai abinci gidan maƙwabciya, ya dawo ya tarar ana cewa ai su kullum sai dai a ba su, ko ana lissafin cewa an kai musu sau uku ba su rama ba, to ya koyi gori ne, bai koyi kyauta ba. Haka nan ɗaukar hoton wanda aka taimaka a ɗora a Facebook ko WhatsApp, wanda ya zama ruwan dare musamman da azumi. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ayar da take gabanta kuma ta ce magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa take biye da ita. Ki sa yaran su saba da cewa abin da suka gani a gidan mutane, ko tsohuwar tabarma ce ko murhun da ba a hura ba, a can ake barin sa.

Maigidanki yana da nasa kason da ba za ki iya ɗauke masa ba. Shi zai riƙe hannun mazan zuwa masallacin unguwa, su tsaya bayan salla a gaisa, shi zai tafi da babban wajen ta'aziyya da dubiya da ɗaurin aure, ya koya masa abin da ake faɗa a kowane wuri da lokacin da ake yin shiru. Aikin gayya ma bai mutu ba, kamanninsa ne suka sauya. A da noma da yaɓen ɗaki ake taruwa a yi, yanzu kuma yashe kwata ne kafin damina, da cike ramukan layi, da karo-karon gyaran taransifoma ko biyan 'yan sintiri. A Kano akwai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma a yawancin sababbin unguwanni masu gida suna barci ne a lokacin, ko su tura maigadi. Idan maigidanki ya fito da shebur da 'ya'yansa biyu suka gyara gaban gidansu da na maƙwabcin da ya tsufa, wannan safiyar za ta zauna a ran yaran fiye da nasihar wata guda.

Kada ki karaya idan wani gidan ya karɓi kwanonki a bakin get bai ce ku shigo ba, ko ma ya nuna bai so. Mutane da yawa a irin waɗannan unguwanni tsoro ne ya rufe su ba girman kai ba, wasu kuma ba su taso da al'adar ba. Idan gida biyu suka amsa daga cikin biyar, sun ishe ki farawa, kuma suna ko rasuwa ta farko da za a yi a layin za ta buɗe sauran ƙofofin idan aka gan ki a wurin. Abin da kawai ba na so ki jinkirta shi ne al'amarin babban. Nan da shekara biyu ko uku zai balaga, kunyar samartaka ta kama shi, gidajen matan aure kuma su zama ba shiga a gare shi, daga nan sai dai ya bi sawun mahaifinsa a waje. Don haka kwanon wannan Juma'ar shi za ki ba ya ɗauka, ƙannen su bi shi a baya.